Kafin mu sa wa Mustang ɗin Alhaji sifirin mai tauri

Jiya muna rufe gareji ka tambaye ni kan Mustang ɗin 1966 da Alhaji ya kawo. Ka ce tunda in an ba ta wuta tayoyin baya tsalle suke yi, a kwana kuma tana kwantawa gefe, me zai hana mu sa mata sifirin mai tauri, mu yanke na gaba ta yi ƙasa, mu ɗaura faffaɗan tayoyi? Na ji daɗin tambayar, don ta nuna ka kasa kunne ka saurari motar. Amma ba ta nan za mu fara ba, ɗana.

Aikin kayan ƙafa shi ne su danne taya a kan kwalta, da faɗinta gaba ɗaya, a kowane hali. Sifirin da taurinsa ya wuce kima, in ya haɗu da gargada, cilla tayar yake yi sama, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ka kuma san irin titunan da motar nan za ta bi. Maganar yanka sifirin da wutar walda kuwa, kada in sake jin ta. Zafi kashe ƙarfen yake yi, bayan wata kaɗan ka ga mota ta zauna ɓari guda.

Fara da gangar jikinta. Ba ta da shasi guda daga gaba zuwa baya irin na Hilux. Ford ta gina ta ne a kan tsarin wata motarta mai suna Falcon: guntun firem a gaba, guntu a baya, ƙarfen daɓen ciki ne ya haɗa su. Ƙarfe ya yi kusan shekara 60 yana murɗawa, wataƙila ya sha gishirin da ake zubawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara. Ka shiga ƙarƙashi da tocila da guduma ka nemi tsatsa, ka duba gidan shok na gaba a ɗakin injin, nan ne suke yawan tsagewa. In daɓen ya yi kyau, za mu yi waldar ƙarafa biyu da za su haɗa firem na gaba da na baya. A lokacin waldar nauyin motar ya kasance a kan tayoyinta, in ba haka ba ƙofofi za su daina rufuwa daidai. Bodin da ke murɗawa, ko wane shok ka sa masa, asarar kuɗin mai mota ka yi.

Bushin, wato robobin da ke mahaɗar kayan ƙafa, duk za mu canja. Na roba mai tauri, wanda ake kira poliyuretan, ya yi kyau a sandar hana kwanciya, wato mai rage kwantawar mota gefe a kwana. Amma sandar nan da ta taso daga hannun ƙasa ta tafi gaba, ka bar mata roba mai laushi. Tana bukatar motsi, in ka ɗaure ta tamau tana iya karyewa ana cikin gudu.

Yanzu ga gyaran da na fi so, kusan ba ya cin komai sai haƙuri. Yadda aka ƙera gaban motar, in ta shiga kwana nauyi ya sauka a tayar waje, saman tayar leƙawa waje yake yi, sai ta koma tafiya a kan gefenta. Wani injiniyan Ford mai suna Klaus Arning ya gano cewa in aka sauko da mazaunin hannun sama da ke riƙe tayar gaba da inci 1, wato wajen milimita 25, tayar za ta tsaya sosai a kwana. Carroll Shelby, mai ƙera motocin tsere, ya yi amfani da wannan a Mustang GT350 ta 1965, shi ya sa har yau ake kiran gyaran da sunansa. Ramuka huɗu ne kawai, biyu kowane ɓangare. Da farantin awo ake hudawa, ba da ido ba, kuma farantin 1965 da 1966 ya bambanta da na 1967 zuwa sama. Wannan ni zan huda, kai ka tsaya ka gani.

In mun je alaimen, ba za mu bi tsohon littafin motar ba, don an rubuta shi ne saboda tayoyin wancan zamani. Da tayar radiyal, kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, ta kasance sifili ko ta kwanta ciki da rabin digiri, kasta, wato karkatar da layin juyawar taya ke yi baya, digiri 2 zuwa 3, bakin tayoyin ya shigo ciki da kamar milimita 3. Sitiyari zai ɗan ƙara nauyi, ka faɗa wa Alhaji tun kafin ya ji a hannunsa.

Tsallen baya kuma daga sifirin mai falle-falle yake. In injin motar, wanda ake kira 289, ya murɗa tayoyi gaba, gidan aksil murɗawa yake yi baya, hancinsa ya ɗaga, rabin sifirin na gaba ya lanƙwashe. Da taya ta zame sai ya miƙe da ƙarfi, ta sake kamawa, ya sake lanƙwashewa. Wannan ne bugun da ka ji, kuma shi ke cinye kuros ɗin furofela. Sabon sifirin biyu a tare, shok mai kyau irin Koni da Shelby ya sa, sannan sandar da ke hana aksil murɗawa. Ka ɗaga bayan ka juya taya guda da hannu: in ɗayar ta juya akasin haka, a mafi yawan lokuta giyar cikin aksil da ke raba wa tayoyin ƙarfi ba mai kulle ba ce, shi ya sa taya guda ke ƙonewa ɗayar na hutawa. Sa mai kulle sai daga baya, in aljihu ya yarda.

Sandar hana kwanciya mai kaurin inci 1 ta isa a gaba. Baya kada mu sa komai sai mun gwada, don in bayan ya fi gaba tauri, wutsiya ce za ta riƙa zamewa a kwana.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya dame ni. Mastan birkin 1966 layi ɗaya ne, tiyo guda ya fashe babu birki a ƙafa huɗu. Sai daga 1967 aka koma layi biyu. Ba zan ƙara wa mota riƙo in bar ta da wannan ba, zan yi wa Alhaji magana da kaina.

Gobe in Allah ya kai mu, ka fara karanta min lambobi huɗu na ƙarshe a jikin kowace taya, mako da shekarar da aka yi ta. Sannan ka ɗauko jek da tocila.