Amsa: ciwon mara da zawo lokacin al'ada

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ciwon mara da zawo da kasalar da kika ce suna damunki duk wata lokacin al'ada, wallahi nima haka na sha fama tun ina makaranta a Garwa. Sinadarin da ke sa mahaifa matsewa shi ke taɓa hanji, shi ya sa cikin ke ɓaci. Ni dai ibuprofen nake sha tun ranar farko amma sai na ci abinci, in kina da olsa kar ki taɓa shi, ki sha paracetamol. Ki ɗora gorar ruwan ɗumi a mara, shayin citta ma yana taimakawa, ki rage yaji da maiƙo. Kasalar kuwa ki dage da hanta da wake da zogale. In kina jiƙa audugar mata duk awa ɗaya, je ki asibiti a auna jininki.