Ka ce ka ci riba, to ina littafin?

Wani mai walda ya rubuto daga Garwa ta ƙasar Kamaru: "Malam, shekarata tara ina walda, ƙofofi da tagogi da ɗan gyaran mota. Watan jiya ɗan wani Alhaji ya kawo mini Nissan 350Z, bututun da ke kai iska cikin injin ya tsage, an ce masa sai an yi oda daga Dubai. Na ƙera masa na alminiyom a injin waldar wani abokina. Sau biyu yana lalacewa, a na uku ya zauna, bayan mako biyu ina fama. Ya biya ni sefa 120,000, kayan da na saya na 35,000 ne, ka ga na ci 85,000 a aiki ɗaya. Ina so in sayar da filina in ƙara da bashi, in sayi injin waldar alminiyom da na'urar 3D mai buga kaya da roba, in riƙa ƙera wa motocin tsere irin waɗannan kaya, ina talla a Facebook har Njamena da Duwala. Ina zan sami bashin miliyan 2?"

Ƙanena, Allah ya ba ka hannu, wannan ba gardama. Alminiyom ba ya yi wa kowa biyayya. Amma ba zan nuna maka ƙofar mai ba da bashi ba, domin 85,000 ɗin da ka ɗora komai a kansa, a ka ka lissafa shi, ba a takarda ba. Matsalarka ke nan, ba rashin jari ba.

Zauna mu yi lissafin tare. Wannan 35,000, kuɗin bututu na uku ne kaɗai, ko har da biyun da suka tafi bola? Iskar argon ta waldar alminiyom da ka yi amfani da ita a injin abokinka, wa ya biya? Ka san daga kudu ake hawo da ita, ba kyauta take zuwa Garwa ba. Man janareta ranar da aka ɗauke wuta fa, da kuɗin babur zuwa da dawowa, da abincin yaran shago? Sai babbar ɓarakar, wadda ko ambatonta ba ka yi ba: kwana goma sha biyu na aiki da ka ajiye ƙofofin mutane. Nawa shagonka yake kawowa a rana? Na tabbata ba za ka iya faɗa mini ba, kuma shekara tara kana ciki. Mu ƙaddara 6,000 ne. Sau 12, 72,000 ke nan sun fita. Saura 13,000, tun ba mu taɓa argon da mai ba. Mai yiwuwa kyauta ka yi wa ɗan Alhaji aiki, har ka cika daga aljihunka, ka dawo gida kana murna.

Akwai kuma kuɗin da bai fita ba tukuna. A gaban bututun nan akwai na'urar da ke auna iskar da ke shiga, kwamfutar motar kuma da wannan awon take raba mai, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. In waldarka ta bar rami ko da kamar tsinin allura bayan na'urar, iskar da ba a auna ba za ta shiga, mai ya yi kaɗan, injin ya riƙa zafi. Ta wannan ramin dai ƙurar hunturu za ta bi ba tare da ta ratsa filta ba, ta ci zoben fistin a hankali. Ranar da injin ya buga, mai motar ba zai tuna shekarun motarsa ba, wadda samfurinta ya fito tun 2002. Kai zai tuna. Ka sa wannan haɗarin a cikin farashinka? Kun rubuta abin da ka ɗauki alhakinsa da abin da ba ka ɗauka ba?

Na san wani a Marwa, shekaru da suka wuce, gwani ne a lanƙwasa salansa. Manyan mutane suka fara kawo masa motocin gayu, ya raina ƙananan ayyukan da suka gina shi: kariyar babur, maƙalin kaya, facin tanki. Ya bar wa yara su, shi yana kwana a ƙarƙashin mota ɗaya har mako guda. Kuɗi na shiga da kauri, kowa na kiransa patron, wato maigida. Da mai shago ya zo karɓar haya babu, da yara suka nemi haƙƙinsu babu, sai ya fara zargin yaran da sata, har ya kori ɗan yayarsa. Da muka zauna muka tattara abin da za a iya tunawa na wata uku, sai ga shi fili: aikin babura ne ke ciyar da shagon, motocin gayun ne ke cinye shi. Ba wanda ya sace masa ko dala. Zumuncin nan har yau bai koma daidai ba, kuma abin yana damuna duk lokacin da na tuna, don littafin 500 da biro sun isa su hana.

Maganar motocin tsere kuwa, ka je bakin gadar Binuwai ka tsaya daga safe zuwa azahar ka ƙirga. Babura za ka gani, da Corolla, da Hilux, da Land Cruiser, da manyan motocin auduga da na kayan da aka sauke daga jirgin ƙasa a Ngaundare za su Kusiri. Nawa ne irin ta ɗan Alhaji? Mai irin wannan mota a Duwala yana zaune ne kusa da tashar jiragen ruwa, me zai sa ya aiko Garwa? Na gaji da ganin matasa masu sana'a a hannu suna sayar da fili saboda bidiyon da suka gani a waya. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. Ita ma na'urar 3D, robar PLA da aka fi bugawa da ita tana fara laushi a wajen digiri 60, a garin da inuwa kanta ke wuce 40 a watan Afrilu, balle ƙarƙashin bonet. Robar da ke jure zafin injin tana son na'ura mai tsada fiye da wadda kake hange.

Zai iya yiwuwa akwai abinci a waldar alminiyom a Garwa: bututun turbo na motocin dizal, lagireto, kaskon mai da dutse ya fasa. Ina zaton akwai. Amma zatona ma kada ka sayar da fili a kansa.

Ka sayi littafi yau. Kowane aiki shafinsa: ranar da ya shigo, ranar da ya fita, duk abin da aka saya har wanda ya lalace, awa nawa ka zauna a kai, nawa aka biya, nawa ya rage bashi. Kuɗin cefanen da kake zara daga aljihun shago shi ma ka rubuta. Aikin alminiyom ka ci gaba da yin sa a injin abokinka, ku yanka kuɗin haya a fili, kuma kada ka kunna wuta sai an ba ka rabin kuɗi. Wanda ya zo nema ka kasa yi masa saboda rashin inji, shi ma ka ba shi layi, da irin motarsa da abin da ya yarda zai biya.

Bayan wata shida ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini. In sun nuna injin zai biya kansa cikin shekara ɗaya da aikin da ke zuwa ƙofarka, za mu yi maganar sayensa, na hannu, da kuɗin shago. Filin kuma ka bar shi inda yake.