Kyanwata na da miki a ido: wane maganin ɗigawa ya dace?

Tambaya: Likita, kyanwata tana runtse ido ɗaya yana ta zubar da hawaye, kuma na ɗiga mata maganin ciwon ido da na saya a kemis, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Daga wata mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Hajiya, ki dakatar da maganin nan, ki duba kwalinsa. Runtse ido da zubar hawaye na iya zama alamar miki a ido. Idan akwai dexamethasone ko prednisolone (magungunan rage kumburi) a cikin maganin, to shi ne babban abin tsoro, domin irin waɗannan magunguna suna hana mikin da ke saman baƙin ido haɗewa, suna raunana garkuwar ido, har mikin ya zurfafa ido ya fashe. Don gano mikin, likitan dabbobi zai ɗiga wani launin gwaji mai suna fluorescein a idon, wurin da ya salluɓe ya fito kore. Ƙaramin miki, idan aka kare shi daga ƙwayoyin cuta da magani irin chloramphenicol, yakan warke cikin kwana 5 zuwa 7. Wanda ya ƙi warkewa sau da yawa cutar herpes ta kyanwoyi ce, wadda ke buƙatar maganin bairos. A lokacin hunturu ki tsare ta a ɗaki saboda ƙura, kuma kada ki bari ta sosa idon.