Kwalbar man gyaɗa ba lita ba ce

Tambaya: Malam, na je sayen man gyaɗa na tarar da roba biyu. Ɗaya an rubuta mata 750ml a kan naira 3,000, ɗayar kuma lita ɗaya a kan naira 3,800. Mai shago ya ce mini ai duk ɗaya ne. Wacce ya kamata in ɗauka? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, ba ɗaya ba ne. Lita ɗaya mililita (ml) 1,000 ce, ke nan robar 750ml kwata uku ce ta lita. Ki raba 3,000 gida uku, kowace kwata ta kama naira 1,000, wato litarsa ta tashi a 4,000. In kuɗin hannunki sun kai, ɗauki ta lita ɗayar, kin tsira da naira 200.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne "cl" ɗin da ake rubutawa a jikin wasu robobi. Sentilita ke nan, kowace ɗaya mililita 10, sifili kawai za ki ƙara: 75cl ita ce 750ml, 50cl kuma rabin lita. Kwalbar nan da masu awo ke ɗura wa mai da mazurari a kasuwa galibi 75cl ce, amma za ki ji ana kiranta lita ba kunya. Jarkar lita 25 kwalba 33 take fitarwa har da ɗan ragowa, kuma ɗan kasuwa ya san wannan lissafin sarai. Ki kuma duba wuyan kwalbar, don wasu ba sa cika ta.

Tambaya: An ba ni garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, don yarona mai gudawa, aka ce in jiƙa a ruwa lita ɗaya. Ba ni da abin awo.

Amsa: 'Yar'uwa, fiya wata biyu masu 50cl sun ba ki lita cif. Ki dai karanta jikin ledar ruwan tukuna, da ta garin ma, saboda ba kowanne ne ake yi wa awo iri ɗaya ba. Kada ki rage ruwan wai don ya fi ƙarfi, gishirin zai yi wa yaro yawa. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24 ke nan, zubar da shi ki haɗa sabo.