Tambaya da Amsa: Mariƙin makirfon kyamarata ya karye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon bukukuwa a Daura. Ranar Hawan Magajiya wayar makirfo ta maƙale a cikin turmutsutsu, mariƙin da ke saman hannun kyamara ya tsage daga gindi. Na liƙe da sufa gulu, kwana biyu ya sake ɓallewa. Yaya zan yi?
Mai karatu daga Daura

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ajiye sufa gulun nan tukuna. In ya bushe ƙandarewa yake yi, ba ya jure jijjiga, tururinsa kuma yana barin farin dabbare a jikin roba, har kan gilashin kyamara in yana kusa.

Cire batir, ka kwance mariƙin gaba ɗaya. A yawancin kyamarorin Sony da Panasonic ƙananan notina ne suke riƙe shi. Sami sukundireban da ya zauna daram, ka danna kafin ka murɗa, don kan notin kyamarar Japan saurin cinyewa gare shi. Zuba su a murfin kwalba. In ɗaya ya ɓata, kada ka sa wanda ya fi shi tsawo, yana iya taɓa allon lantarkin da ke cikin hannun.

Kankare tsohon gam tas, ka goge bakin karayar da samfefa har ya yi kaushi, ka share da sifirit. Sai ka kwaɓa gam mai bututu biyu, irin Araldite, kashi ɗaya daga kowane bututu, ka juya har launin ya zama ɗaya. Mai jinkirin bushewa ya fi na minti 5 ƙarfi.

Ga inda aikin yake: gam shi kaɗai ba zai riƙe gindin ba, domin nan ne duk nauyin makirfo ke sauka. Yanki ɗan fallen alminiyom mai kaurin milimita 1, ka lanƙwasa shi ya bi siffar gindin, ka ɗora ya haye karayar ta ɓangarorin biyu, gam a ƙarƙashinsa. Ka kula kada gam ya shiga ramin noti. Ɗaure da roba, ka bar shi awa 24 a inuwa ba tare da an taɓa ba.

Robar da ke tsakanin mariƙi da makirfo kuwa, kada gam ya kusance ta. Ita ce ke shanye motsin hannu; da ta ƙandare, duk taɓawar yatsa sai ka ji ta a sauti. In hunturu da zafin bazara sun farfasa ta, siririn yankin robar tif ɗin keke zai maye gurbinta.

Idan ramin notin da ke jikin hannun ne ya kwaile, wannan sai mai gyara. Kafin nan ka sayi mariƙi mai roba da ake zurawa a gurbin fitila na saman kyamara.

Bayan ka mayar, ka bar wa wayar ɗan lanƙwasa a bayan makirfo, ka ɗaure ta a jikin hannun kyamara, yadda in an fizga, hannun ne zai ɗauka. Kuma ka riƙa zare makirfon kafin ka sa kyamara a jaka.