Tambayoyinku: Filashin kyamara ba fitilar filin ƙwallo ba ce

Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo kan filashi ne, da alama lokacin biki ya kama kowa ya zama mai hoto. To bismillah.

Tambaya daga Samaru: Malam na sayi ƙaramar kyamara Canon, na je dinar abokina na tsaya daga bayan hol ina ɗauka, filashi na tashi amma ango da amarya sun fito duhu, hulunan mutanen da ke gabana ne kawai suka fito fes. Ko jabu aka sayar min?

Ƙanena kyamararka lafiyarta ƙalau, mai riƙe da ita ne dai sai a hankali. Wannan abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Filashin da ke jikin ƙaramar kyamara bai cika wuce mita 3 zuwa 5 ba, kuma haske ba a hankali yake raguwa ba, in nisa ya ninka sau biyu abin da zai isa wurin rubu'i ne kawai. Wanda ke mita 2 ya sha haske, na mita 4 ya samu kashi 1 cikin 4, na mita 8 kashi 1 cikin 16, kai kuma kana can wajen ƙofa kusa da masu rabon lemo kana jiran ya kai kan amarya, ta ina? Abin haushin ma shi ne da zarar filashi ya tashi kyamara sai ta saki jiki ta ɗauka an gama, ta buɗe ido ta rufe da sauri, galibi 1/60 na daƙiƙa, ba ta tsaya ta kwashi hasken fitilun hol ɗin ba, shi ya sa hulunan gaba suka ƙone da haske can ciki kuma ya zama dare. Kashe filashin gaba ɗaya (alamar walƙiya da aka ja wa layi), ɗaga ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) zuwa 800 ko 1600, ka manne gwiwar hannunka a jikinka ka ɗauka. Ko ka daina jin kunya ka matsa gaba.

Haka nake gani duk shekara a ƙofar fada lokacin Hawan Daushe, rana ta yi sanyi, dawakai na can nesa, jama'a na ta wal-wal suna cinye batir a banza. Sannan inda ake buƙatar filashin da gaske ba mai kunna shi. Ƙarfe ɗaya na rana ka tsayar da mutum a fili, rana na tsakar ka, hula ko rawani ya jefa masa inuwa a ido, ko ka zaunar da Hajiya ta ba taga baya, ita kyamara a otomatik (walƙiya mai harafin A) tana ganin haske ya wadata sai ta ƙi tada filashi, fuska ta fito baƙi ƙirin. Nan ne za ka tilasta shi, walƙiya ita kaɗai ba A, in kyamararka na da wurin rage ƙarfinsa ka sa -1 don kar farar shadda ta koma takarda. Ni dai duk kyamarar da ta shigo hannuna abu na farko cire ta nake daga wannan A ɗin, ko ta aro ce, mai ita ya yi haƙuri.

Tambaya daga Tudun Wada: Idanun yarana ja suke fitowa a hoton dare kamar na aljanu.

Hajiya ba aljanu, hasken ne ke shiga ya bugi jijiyoyin jini na can cikin ido ya dawo. Zaɓi tsarin filashi mai alamar ido, zai yi ƙyaftawa kafin na gasken don ƙwayar idon ta tsuke, amma ki gaya musu kar su watse bayan na farkon. Kunna fitilar ɗaki ma na ragewa.

Tambaya daga Sabon Gari: Fararen ɗigo-ɗigo ke cika min hoto da daddare tun shigowar hunturu, na goge gilashin har na gaji.

Ƙura ce a iska filashi ke haskawa dab da gilashin. Kashe shi ko ku koma cikin ɗaki.

Tambaya daga Kongo: Na sa tsarin filashin da aka rubuta SLOW sai hoton ya yi ta jan layi, meye amfaninsa?

Amfaninsa filashi ya haska mutum, kyamara kuma ta daɗe a buɗe ta kwaso fitilun baya, kamar a ce kana ɗaukar abokinka a PZ ta Zariya da dare kana so shagunan su fito. Amma ba a riƙe shi a hannu, ɗora ta kan mai ƙafa uku ko bayan mota, abokin naka kuma ya tsaya cak har sai ka ce ya motsa.