Amsa ga mai neman littafin da zai fara da shi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kace kana son komawa karatu amma baka san inda zaka fara ba. Ni dai shawarata fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ƙarami ne, zama ɗaya ka gama shi kana ta dariya, sannan ka shiga Magana Jari Ce, wallahi Hausar ciki kaɗai ta isa ta riƙe ka. Waƙa kuma nemi Imfiraji ta Aliyu Namangi, amma rera ta zaka yi da murya, karatun zuci yana rage mata daɗi. Tarihi kuwa tunda a Kaduna kake, leƙa laburaren Arewa House ka tambayi Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.